Yadda ake daidaita na'urar naɗe ƙyallen gaba kafin doguwar tafiya a teku

A ƙarshen watan Nuwamba na kowace shekara, tashar Las Palmas da ke tsibirin Gran Canaria kan cika maƙil da jiragen ruwa masu tafiya da iska, kowa na shirin tsallaka tekun Atlantika zuwa tsibirin Saint Lucia da ke yankin Karibiyan a ayarin jiragen da ake kira ARC, wanda aka soma tun 1986. Tafiya ce ta kusan mil 2,700 na teku, mako biyu zuwa uku babu tudu babu masauki. Da yawa daga cikin jiragen nan mata da miji ne kawai a ciki, ko 'yan abokai kaɗan. Abin da ke ba mutane kaɗan damar sarrafa jirgi mai tsawon mita 11 ko 12 shi ne na'urar da ke naɗe ƙyallen gaba, wato babban yadin da ke kama iska a gaban jirgi, ta yadda mutum yana zaune a mazaunin matuƙi zai ja igiya ɗaya ƙyallen ya naɗe, ba sai ya rarrafa zuwa goshin jirgi cikin duhu igiyar ruwa na dukansa ba.

Dabarar ta daɗe. Tun 1907 aka yi rajistar na'urar Wykeham Martin a Ingila, sai dai ita naɗewa kawai take yi gaba ɗaya ko ta buɗe gaba ɗaya. Na'urorin yau irin su Harken na Amurka, Furlex na kamfanin Seldén a Suwidin, da Profurl da Facnor na Faransa, suna bari ka rage ƙyallen ka ci gaba da tafiya da abin da ya saura. Wannan ƙarin amfani shi ya ƙara musu nauyin aiki, shi ya sa kuma daidaita su ya zama dole.

Ga yadda abin yake. Akwai wayar ƙarfe da ta taso daga goshin jirgi zuwa saman jigo, wato dogon turken da ake ɗaga ƙyalle a jikinsa, ita ke riƙe jigon kada ya faɗi baya. Mu kira ta wayar gaba. An zura ta cikin dogon bututun alminiyam mai tsaga, a tsagar ne ake zura gefen gaba na ƙyalle. A gindin bututun akwai ganga wadda igiyar naɗi ke naɗuwa a kanta. A sama akwai majuyi, wanda rabinsa na ƙasa ke juyawa tare da ƙyalle, rabin sama kuma yana tsaye cak, ɗaure da igiyar ɗagawa, wadda ake jan ƙyalle sama da ita. Sai igiyoyin gefe guda biyu da ake jan ƙyallen da su dama ko hagu. Babban ƙyallen da ya wuce jigo ta baya shi matuƙa ke kira jenowa, ƙaramin kuma jib.

Ma'auni ɗaya ne za ka riƙe a duk aikin nan: a jirgin da bai wuce mita 12 ba, na'ura mai lafiya da hannu ake janta. Ranar da ka ji kana neman winci, wato na'urar da ake murzawa don jan igiya da ƙarfi, don ka naɗe ƙyalle a iska matsakaiciya, to akwai abin da ya karkace, kuma winci ba zai gyara shi ba, sai dai ya ɓoye maka shi har ya karya wani abu.

Fara da na'urar tana tsirara

Zaɓi safiyar da babu iska, jirgi na ɗaure a tasha. Buɗe ƙyallen duka, ka sauke shi, ka kwance igiyar naɗi daga ganga. Yanzu ka kama bututun da hannu ka juya shi. Ya kamata ya juya sumul, da yatsu biyu ma. Ka kasa kunne: ƙarar gurzar yashi na nufin gishiri da datti sun shiga boris, idan kuma yana juyawa sai ya ɗan cije a wuri ɗaya kowane zagaye, ka zargi lanƙwasa a bututun ko kusa mai zare da ta kwance tana gogar waya. Majuyin sama ya sauko tare da ƙyalle, yana gabanka, shi ma ka juya shi a hannu, sa'an nan ka sa wani ya ja rabinsa na sama da ƙarfi kana juya na ƙasa, domin akwai boris da ke yin lafiya lau babu nauyi, da an ɗora masa nauyi sai ya ƙi.

Wanke ganga da majuyi da ruwan daɗi mai yawa, kana juyawa kana zubawa, har ruwan ya riƙa fitowa garau. Maganar giris kuwa, kada ka yi gaban kanka. Boris ɗin Harken na roba mai tauri ne, ba ya son giris, don giris na tara yashi. Wanki ya ishe shi. Na Furlex na ƙarfe ne, yana buƙatar giris a wuraren da littafin na'urar ya nuna. Na Profurl a rufe yake, ba a buɗe shi a zuba komai. Nemi littafin taka na'urar ka bi shi.

Sai ka bi bututun da ido, gaɓa bayan gaɓa. Inda guntaye biyu suka haɗu, nemi baƙin gari ko zirin toka-toka da ya gangaro: alama ce gaɓar na motsi, alminiyam na cin alminiyam. Duk kusa mai zare da ta leƙo kai ko da rabin milimita ne, za ta tare majuyi ranar da kake son sauke ƙyalle cikin gaggawa. Kwance ta, ka goge, ka ɗiga mata Loctite, ruwan da ke hana kusa kwancewa, ka mayar. Inda kusar bakin ƙarfe marar tsatsa ta shiga jikin alminiyam a ganga, shafa Duralac ko Tef-Gel, man da ke hana ƙarafan biyu cin juna, in ba haka ba bayan shekara biyu a ruwan gishiri sai dai a huda ta.

Wayar da ba a gani

Babban haɗarin wannan na'ura shi ne ta rufe wayar gaba ruf, ba ka ganin halin da take ciki. Iyakar abin da ido ke kaiwa shi ne ƙarshenta na sama da na ƙasa, kuma a nan ne ma take yawan karyewa. Dole a hau jigo. Mai hawa ya zauna a kujerar hawa da igiyoyi biyu, kowace an ƙulla ta da ƙulli, kada a dogara da maƙala mai buɗewa da kanta, kuma mai riƙe winci a ƙasa kada ya ɗauke ido.

A sama, dubi daidai inda wayar ta shiga bakin ƙarfen da aka matse ta a ciki. Wayar nan sili 19 ce aka murɗe wuri ɗaya. Ɗauki tsumma ka shafa a kanta. In ya sarƙe, sili ya tsinke. In ka ga silin sun buɗe sun yi kumburi maimakon su kwanta lif a jikin juna, an taɓa murɗe wayar ta baya, ƙarfinta ya tafi. Ko sili ɗaya ne ya tsinke, wayar ta gama aiki. Kamfanonin inshora da yawa na neman a sauya wayoyin jigo idan sun kai shekara 10, kuma a ganina wanda zai tsallaka teku bai kamata ya tsaya jayayya da wannan ba.

Duba kuma cewa akwai gaɓa mai lanƙwasawa ta kowane gefe a sama da ƙasan wayar. Iska na tura ƙyalle gefe, wayar na bin sa. In babu gaɓar da za ta ba da kai, bakin ƙarfen ne zai riƙa lanƙwasa kaɗan-kaɗan har ya tsage. Tsagaggun fin ɗin da ke riƙe gaɓoɓin a buɗe ƙafafunsu, a rufe su da tef don kada su yagi ƙyalle. In aikin ya kai ga kwance wayar gaba, kafin ka taɓa sifana ka kai igiyoyin ɗagawa biyu goshin jirgi ka ɗaure ka ja su tam, su riƙe jigo.

Daga nan sai taurin waya. Waya mai sako-sako na sa bututu ya yi baka, kuma bututun da ya yi baka ba ya juyawa da daɗi, sai ya riƙa wutsil-wutsil yana wahalar da gaɓoɓinsa. A jirgin da wayar gaba ta kai har ƙololuwar jigo, ta wayar baya, wadda ta taso daga ƙarshen jirgi na baya zuwa saman jigo, ake ɗaure ta. Seldén na koyar da wata hanya mai sauƙi ta aunawa: a irin wannan waya mai sili 19, tsawon mita 2 na miƙewa da milimita 1 a duk kashi 5 cikin 100 na ƙarfin da zai tsinka ta, komai kaurinta. Saboda haka ka sassauta wayar baya, ka manna mata ma'auni mai mita 2 ta samansa, ka riƙa ɗaurewa har ka ga tazarar milimita 3 ta buɗe a ƙasa. Ka kai kashi 15 ke nan, kuma mafari ne mai kyau. Yi wannan kafin ka ɗaga ƙyalle. Wanda ya ja igiyar ɗagawa tam sa'an nan ya ɗaure wayar baya, ya ɗora wa majuyi da kan ƙyalle nauyin da ba nasu ba.

Saman jigo, inda yawancin matsala take

A nan zan daɗe, don wannan ne ke kayar da jigo.

Rabin saman majuyi bai kamata ya juya ba. Abin da ke hana shi kuwa igiyar ɗagawa ce kawai. Idan igiyar ta kwanta a jere da wayar gaba, ko kuma an bar tsayi mai yawa tsakanin majuyi da inda igiyar ke fitowa a jigo, ɗan cijewar boris kaɗan ya isa ya ja majuyin duka ya juya, igiyar ta naɗe a jikin bututu. Mai ja a ƙasa sai ya ji abu ya ƙi. In ya ɗora igiyar a winci ya murza, ɗayan uku ne: igiyar ɗagawa ta tsinke, saman bututu ya murɗe, ko kuma wayar gaba ta warware ta tsinke, jigo ya zo ƙasa.

Abu biyu ke hana wannan. Na farko, majuyi ya kasance kusa da ƙarshen bututu idan ƙyalle ya gama hawa. Kusa, amma kada ya dungura: Furlex na son a bar aƙalla santimita 5 tsakanin saman majuyi da murfin ƙarshen bututu bayan an ja igiya sosai, domin ƙyalle na miƙewa da tsufa. Na biyu, igiyar ɗagawa ta bar majuyi tana karkata baya zuwa jigo da kusurwar digiri 5 zuwa 10 daga layin waya. In kana son ka gane ta da ido, a duk santimita 30 na igiyar da ke waje, ta nisanci layin wayar da kamar santimita 3 zuwa 5.

Yadda za ka duba: ɗaga ƙyallen, ka ja shi yadda za ka yi tafiya da shi, ka sauka daga jirgi ka koma can gefe da madubin hangen nesa, ko ka ɗauki hoto da waya ka buɗa shi. Sa wani ya riƙa naɗewa yana buɗewa a hankali kana kallo. Rabin saman majuyi zai ɗan girgiza, wannan ba komai. In ka ga yana bin juyi har igiyar ta fara kwantawa a jikin bututu sa'an nan ta fizge ta dawo, to kana dab da matsala.

Idan kusurwar ta yi kaɗan, ana kafa wani ɗan ƙarfe mai ido ko ƙaramin fuli, wato ƙaramar taya mai juyawa da igiya ke bi ta kanta, a fuskar jigo, ƙasa kaɗan da inda igiyar ke fitowa, a bi da igiyar ta cikinsa don ya ja ta baya. Kada a sauke shi ƙasa da yawa. Kusurwa mai faɗi na jan saman bututu baya, ta sa majuyi ya gurji alminiyam, igiyar kuma ta riƙa cinyewa a bakin idon.

Idan kuwa ƙyallen ne gajere, kamar ƙaramin jib da ake sawa don iska mai ƙarfi, majuyi zai tsaya can ƙasa da mita ɗaya ko fiye. Maganinsa a ƙara masa tsawo da guntuwar igiya marar miƙewa, irin Dyneema. Ga yadda ake samun tsawonta ba tare da lissafi ba: ɗaura kan ƙyalle kai tsaye a majuyi, ka bar kusurwarsa ta ƙasa a kwance, ka ɗaga har majuyi ya kai inda kake so. Ɗaure kusurwar ƙasan da ganga da wata igiya ta wucin gadi, ka ja ta yi tauri, ka auna tazarar. Wannan shi ne tsawon guntuwar. A sama ya fi dacewa a sa ta, tsakanin kan ƙyalle da majuyi. Wasu kan raba, su sa kaɗan a ƙasa don ƙyallen ya ɗaga daga doron jirgi, matuƙi ya riƙa hango gabansa, ruwa kuma ya daina cika shi. Ina goyon bayan haka muddin ta ƙasan gajera ce. Kuma a ɗinke kowace guntuwa a jikin ƙyallenta ta zauna can, don ranar da za a sauya ƙyalle cikin sauri ba wanda zai tuna da ita.

Kafin ka bar saman jigo, dubi sauran igiyoyin da ke rataye a wurin. Igiyar ɗaga babban ƙyallen balan-balan, in an bar ta tana lilo kusa da majuyi, ita ma tana shiga naɗi. A ja ta baya a ɗaure a gindin jigo ko a gefe, nesa da bututu.

Jan igiyar ɗagawa kuwa, a yi shi da sauƙi. Ja har ƙananan tamoji da ke kwance a gefen gaba su ɓace, ka tsaya. In ka ga doguwar kwari ta fito a tsaye tana bin bututu, ka wuce gona da iri, kuma wannan matsi kai tsaye boris yake sauka. Sa alama da alƙalami a jikin igiyar daidai bakin maƙullinta, don kowa a jirgin ya san inda ake tsayawa.

Ganga da igiyarta

A jirgi mai mita 10 zuwa 12, igiyar naɗi yawanci mai kaurin milimita 8 ce, wani lokaci 10, ta foliyesta marar yawan miƙewa. Mutane na son mai kauri don daɗin riƙo, amma ita ke cika ganga ta cushe. In dole sai mai kaurin, a zare cikin igiyar a ɓangaren da ke fara hawa ganga, ya kwanta a baje.

Wane gefe za a naɗa? Dubi ƙyallenka. A gefen baya da gefen ƙasa an ɗinka wani ziri mai kauri, galibi shuɗi ko fari, don ya kare shi daga rana idan yana naɗe. Dole zirin ya ƙare a waje. In yana fuskar dama ta ƙyalle, to idan kana kallon ganga daga sama, naɗewa zai zama saɓanin hannun agogo, wato lokacin loda igiya a ganga za ka juya ta yadda hannun agogo ke tafiya. In yana hagu, sai ka juya maganar. Kuskure a nan ba ya nuna kansa ranar farko, sai bayan wata shida rana ta cinye gefen ƙyalle.

Fuli na farko, wanda igiya ke bi da ta fito daga ganga, shi ne mai hukunci. Igiyar ta shiga ganga a miƙe, kusurwa digiri 90 da wayar gaba, tana nufar tsakiyar ganga. In fulin ya yi sama, igiya za ta taru a saman ganga. In ya yi ƙasa, ta taru a gindi. Duk inda ta taru, zagaye na hawa kan zagaye ya danne shi, kamar zaren da ya harɗe a kwarkwaron keken ɗinki. Gwada shi: buɗe ƙyalle a hankali kana tsugune a gaban ganga, ka ga ko igiyar na hawa da sauka tana cika ko'ina daidai. In ba ta yi, matsa fulin santimita biyu ko uku ka sake. Wannan ɗan aikin na iya cin rabin awa, kuma ya cancanci haka.

Daga nan zuwa baya, rage yawan lanƙwasa gwargwadon iko. Kowane ido da igiya ta bi yana cin wani abu daga ƙarfinka, saboda haka fuli mai boris a jikin sandunan shingen gefe ya fi zoben roba. A ƙarshe, kusa da matuƙi, sa fuli mai ƙas-ƙas, wanda ke juyawa gefe ɗaya kawai ya riƙe ɗayan; shi ke ba ka damar sakin igiya a hankali ba tare da ta ƙone maka tafin hannu ba. Bayansa a sami maɗauri na sosai mai ƙaho biyu. Idan an rage ƙyalle ana tafiya, wannan siririyar igiya ce kaɗai ke hana shi buɗewa duka, don haka kada a bar ta a hannun ƙaramin maƙulli mai haƙora.

Yawan zagaye a ganga shi ne abin da aka fi mantawa. A tasha babu iska, ƙyalle na naɗuwa sako-sako, zagaye kaɗan ya ishe shi. A cikin iska mai ƙarfi yana naɗuwa tamau, dunƙulen ya sirance, sai ya buƙaci ƙarin zagaye da yawa. Nan ne igiya ke ƙarewa a ganga alhali saura ƙyalle mita guda a waje yana kaɗawa. Don haka ka gwada da gangan: sa wani ya riƙe igiyar gefe da ƙarfi a kan winci, kai kuma ka naɗe babban jenowarka tam har igiyoyin gefe su zagaye shi sau biyu ko uku. A wannan hali ya kamata a ga saura zagaye 3 zuwa 5 a ganga. In babu, kwance igiyoyin gefe daga kusurwar ƙyalle, ɗaure dunƙulen da wata igiya don kada ya buɗe, ka juya dukan na'urar da hannu ta gefen lodawa har adadin ya cika, ka mayar da igiyoyin. Sai ka sake buɗe ƙyallen duka ka tabbata gangar ta ɗauke igiyar ba ta gogi murfinta ba.

Rage ƙyalle a kan tafiya

Ƙarfin da iska ke yi a kan ƙyalle na ninkuwa da murabba'in gudunta. Iska mai not 20, wato kusan kilomita 37 a awa, tana matsa ninki huɗu na mai not 10. Shi ya sa ake ragewa da wuri.

Shimfiɗa ƙyallen ka sa alamomi biyu ko uku a gefensa na ƙasa da tef mai launi, tazara daidai. Kowace alama matakin ragewa ce. Idan ƙyalle ya ragu, kusurwarsa ta baya na matsawa gaba tana kuma ɗagawa sama, saboda haka fulin da igiyar gefe ke bi, wanda ke zamewa a kan layin ƙarfe a doron jirgi, dole ya matsa gaba. In an bar shi a baya, gefen ƙasa zai yi tauri, saman ƙyalle ya buɗe yana faɗa-faɗa har ɗinki ya saki. Mafari shi ne, in ka miƙa layin igiyar gefe a zuci ya ratsa ƙyalle, ya sauka wajen tsakiyar gefen gaba. Sauran gyara zaruruwan ulu da ke manne a ƙyalle za su faɗa maka: karkato jirgi a hankali zuwa inda iska ke fitowa, in zaren sama na ɓangaren iska ne ya fara rawa, matsa fuli gaba, in na ƙasa ne, mayar da shi baya. Da ka samu wurin, rubuta lambar matakin a jikin layin ƙarfen, dama da hagu. Da tsakar dare ba wanda ke da lokacin gwaji.

Gaskiyar da masu sayarwa ba su cika nanatawa ba ita ce, jenowa mai girma in an naɗe fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku, siffarsa na lalacewa. Sama da ƙasa na naɗuwa tam, tsakiya ta yi tumbi, jirgi ya riƙa kwantawa gefe ba ya ci gaba. Soso ko igiyoyin da maɗinka ke sawa a tsawon gefen gaba na rage wannan sosai, kuma in naka babu, a kai wa maɗinki kafin tafiya. Amma ko da shi, naɗaɗɗen jenowa ba ƙyallen guguwa ba ne. Mai doguwar tafiya ya tanadi ƙaramin ƙyalle mai kauri da waya ta biyu a ciki da zai ɗaga shi a kanta.

Wajen naɗewa, juya jirgi iska ta koma ta bayan kafaɗa, babban ƙyallen jigo ya tare wa na gaba iska. Nan take nauyi zai faɗi. Saki igiyar gefe kaɗan-kaɗan, kada ka sake ta gaba ɗaya, kana jan ta naɗi. Ɗan riƙon nan shi ke sa dunƙule ya yi santsi. Wajen buɗewa kuma akasin haka: riƙe igiyar naɗi da zagaye ɗaya a winci ko ta fuli mai ƙas-ƙas, kana sakinta a hankali. In ka bari iska ta fizge ƙyalle ya buɗe da gudu, igiya za ta shiga ganga sako-sako, kuma harɗewar da za ta same ka anjima a nan aka shuka ta.

A hanyar Atlantika, inda iska ke bin baya kwana da kwanaki, ana tokare jenowa da sanda. Ɗaure sandar da igiyoyinta uku, sama da gaba da baya, ta tsaya da kanta, igiyar gefe kuma ta riƙa zamewa ta bakinta. Da haka in hadari ya taso da dare, sai ka naɗe ƙyalle ka bar sandar a inda take. Kowace rana a duba inda igiya ke gogar bakin sanda, a kuma ɗan motsa igiyar ɗagawa santimita kaɗan lokaci-lokaci don kada wuri ɗaya ya yi ta cinyewa a saman jigo. Masu yada zango a Mindelo ta Kef Bad ko a Dakar daga Disamba zuwa Fabrairu suna gamuwa da abin da muka sani sarai: ƙurar hunturu daga Sahara, wadda ke bin iska har tsakiyar teku. Da safe za ka ga igiyoyi da gefen bututu da ke fuskantar iska sun yi ja. Idan ta haɗu da gishiri da raɓa sai ta zama taɓo mai gurza a cikin boris, don haka ko ruwan sha ya yi ƙaranci, a ware wa ganga kofi biyu.

In ta cije

Tsaya da ja. Dubi ganga da farko, don ita ce kusa, sa'an nan ka haska saman jigo da tocila. In igiyar ɗagawa ce ta naɗe, buɗe ƙyallen baya kaɗan ta warware, ka ɗan ƙara mata tauri in ta yi sako-sako, ka sake gwadawa a hankali. In igiya ce ta harɗe a ganga, juya jirgi ka rage nauyi, mutum ya ɗaura ɗamararsa a jikin jirgi ya je goshi, ya kwance igiyar ta ƙarshenta ya zare ta zagaye bayan zagaye. In abin ya faskara kuma ƙyalle a buɗe yake duka, sauke shi ƙasa kawai, wanda shi ne dalilin gyara kusoshin bututu tun a tasha. In rabi ne a naɗe, ba ya sauka ba ya naɗuwa, kwance igiyoyin gefe, ka tayar da inji ka riƙa zagaya jirgi a da'ira ta gefen da ya dace har iska ta naɗe maka sauran, ka ɗaure shi. Kafin ka sa giya, tabbata babu igiya ko ɗaya a cikin ruwa.

Idan za ka bar jirgi a tasha, naɗe ƙyallen tam, igiyoyin gefe su zagaye shi sau uku a ja su a ɗaure, igiyar naɗi a kan maɗauri mai ƙaho, a sassauta igiyar ɗagawa kaɗan don boris ya huta, a ƙara ɗaure dunƙulen da wata igiya daban a inda hannu ke kaiwa. Kankari ɗinkin zirin kariya da farce. In zare ya tsinke cikin sauƙi, rana ta cinye shi, a sake bin ɗinkin. Wanda zai bar jirginsa a yankin Karibiyan tsakanin 1 ga Yuni da 30 ga Nuwamba, lokacin manyan guguwa, ya sauke ƙyallen gaba ɗaya, ya wanke shi da ruwan daɗi, ya shanya ya bushe sarai, ya ninke ya ajiye a cikin jirgi.